Ranar da Minista Ya Amsa Gaisuwar Baba

Ministan harkokin waje na wata ƙasa ya amsa wa Babana gaisuwa a wayata, kuma a dalilin haka aka sako Yayana. Wallahi har in mutu ba zan manta ba.

Lokacin ina hutun makaranta a ƙauyenmu, gefen Makoda. Yaya direba ne, ya ɗauki gyaɗa ya tsallaka iyaka, sai manyan ƙasarmu da na can suka hau cacar baki a soshiyal midiya. Kafin ka ce me, an tsare direbobinmu a can. Wayarsa ta daina shiga. Inna ta daina cin abinci.

Baba ya kai kuka gun mai unguwa, shi kuma ya ce zai gaya wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi. Na ce, "Baba, kafin maganar nan ta isa sama an gama da Yaya. Ministan can ƙasar fa da kansa yake fostin, har kwamen yake amsawa."

Ya harare ni. "Kai ɗan nan, minista sa'anka ne?"

Da ƙyar ya yarda mu tura wa ministan saƙo, da sharaɗin shi zai faɗa, ni in rubuta. Muka hau tudun bayan gonar gero, inda sabis yake kamawa. Ya cire takalmi, ya gyara hula, ya fara: "Ranka ya daɗe, ina wuni? Ya gajiya? Ya iyali? Ya damina? Ya jama'a?"

"Baba, gurin rubutun fa kaɗan ne."

"Ba a faɗa wa babba magana ba gaisuwa. Tura."

Gurin ya cika ko sunan Yaya ba mu ambata ba. Haka na danna.

Nan fa gayu suka yi mana ca. Wasu dariya, wasu zagi, wani ɗan can ƙasar ma ya ce 'yan leƙen asiri ne mu, a binciko danginmu. Na ce shi ke nan, na ƙara jefa Yaya a wuta. Zan goge, Baba ya riƙe min hannu. "An gaida mutum, sai a jira ya amsa."

Caji ya yi ja. Ana kiran la'asar wayar ta yi ƙara. Ministan ne, da Hausarsa tsaf: "Lafiya lau, Baba. Damina alhamdulillahi. Me ke tafe da ku?"

Baba ya durƙusa a tudun nan, ya zayyana komai, ni kuma ina rubutawa, yatsuna suna gudu. Satin bai ƙare ba Yaya ya shigo gida da sauran direbobin.

Na gane yanzu manyan duniya a waya suke faɗa, a waya suke shiryawa, talaka ma yana iya sa baki. Amma zagi dubu ministan nan ya tsallake, gaisuwa ya tsaya wa.

Don Allah ku tura wa wasu, musamman masu saurin zagi a kwamen.