Baƙi Tara a Layin Shagon Alhaji

Har yau safiyar Larabar nan ba ta fita raina ba. Abin da na fara gani da na shiga shagon shi ne agogon da ke kusurwar babbar kwamfuta. Ya koma baya da shekaru, yana nuna sha biyu alhali takwas ba ta yi ba. Na ɗauki tsumma na hau goge tebura.

Ina aji biyar na sakandare a Aliero. Da dogon hutu na zo gidan gwaggota a Jega, aka sama mini aiki a wani shagon kwamfuta inda ɗalibai ke cike fom. Mu uku ne a ƙarƙashin Alhaji mai shagon: Malam Nasiru mai kula da injuna, Anti Saratu 'yar Maiyama mai buga takardu, sai ni.

Kusan sati biyu ke nan intanet ɗinmu na rarrafe da zarar an yi la'asar. Ranar Talata wani ɗalibi ya yi fushi ya tafi wani shago, sai Alhaji ya juya kan Anti Saratu a gaban mutane. "Ke ce! Finafinai kike saukewa da abina. Ranar Juma'a ki aje mini makulli." Ta ce, "Alhaji, wallahi ban taɓa ba." Bai ko dube ta ba. Ni kuwa kujerata na bayan tata, na san ba ta buɗe komai sai takardun mutane, wayarta ma 'yar ƙarama ce mai maɓalli. Aikin nan da shi take riƙe da 'ya'ya uku.

Shi ya sa ranar Laraba Malam Nasiru ya ce zai girka manhajar da ke bincika layin intanet ɗin shago, ta lissafo duk na'urar da ke kansa. A irin tsarin babbar kwamfutarmu ba a kawo manhaja a filashi. Akwai rumbu a intanet, akwai kuma mai kula da shi da ake kira apt. Za ka fara ce masa ya sabunta jerin kayan rumbun, sannan ka faɗi sunan abin da kake so, shi zai ɗauko, ya duba hatimi, ya girka.

A matakin farko aka tsaya. Sau uku Malam Nasiru yana gwadawa, kwamfutar na ce masa lokacin wannan jerin bai yi ba tukuna. Alhaji na tsaye a kansa. "Nasiru, mi ya faru kuma? Ko wannan ma Saratu ta shanye shi?" Anti Saratu ta ci gaba da bugu, amma na ga tana goge layi ɗaya tana sakewa.

Na matsa kusa na ce, "Malam, agogon."

"Mi?"

"Agogon kwamfutar ba daidai yake ba."

Alhaji ya ce, "Ke ɗiyata, manya na aiki." Amma Malam Nasiru ya riga ya duba, ya dafe kai. Ƙaramin batirin da ke riƙe lokaci ne ya mutu, kwamfutar tana ganin jerin daga shekarun da ba su zo ba ya fito. Ya gyara ranar, ya sake, rubutu ya yi ta gudu a baƙin allo, manhajar ta zauna.

Binciken safe ya nuna na'ura sha huɗu: kwamfuta sha biyu, injin buga takarda, da akwatin intanet. Duk namu ne. Bayan la'asar aka sake, sai ga ashirin da uku. Baƙi tara, duk wayoyi. Na leƙa taga na ƙirga mutanen majalisar Alhaji da ke kan tabarma a gindin dalbejiya, su tara cif, kowa kansa a sunkuye kan waya. Malam Nasiru ya miƙa hannu ya kashe akwatin intanet ɗin. Ba a yi minti guda ba muka ji murya daga waje: "Alhaji! Abin naka ya ɗauke fa, ana tsakiyar ƙwallo!"

Ashe Alhaji da kansa ya ba amininsa lambar sirrin intanet ɗin, don ba ya iya hana shi, shi kuma ya raba wa sauran kamar goro. Alhaji ya yi gyaran murya ya ce, "To, a canza lambar. Amma kada a ce ni na sa." Ya nufi ƙofa. Ko kallon Anti Saratu bai yi ba, balle ya ce maganar Juma'a ta tashi.

Wannan ya fi zargin ƙona mini rai. A aikin nan na gane cewa injin zai faɗi gaskiya in an tambaye shi yadda ya kamata, amma ba zai wanke kowa ba sai mai baki ya buɗe bakinsa. Ni da ko gaisuwa sai an ce in ɗaga murya, na sha gabansa na durƙusa.

"Alhaji, don Allah ina da roƙo. Jiya a gaban mutane ka ce Anti Saratu ce. Ka faɗa a gabansu cewa ba ita ba ce."