Kamun Kafaɗa a Riruwai

Mun tashi daga Ƙofa da asuba, ni da yayana, a bayan motar da ke kai wa ma'aikatan kuza dawa. Labari na samu na wani tsohon soja a Riruwai, wanda ya dawo daga yaƙin Bama da wani kamu da ake yi wa mutum bayan an kai shi ƙasa. A kokawarmu da zarar an kayar da kai wasa ya ƙare, amma ni ina son in iya abin da babu wanda ya iya a garinmu. Yaya ko kokawar ba ta dame shi ba, rakiya ya yi mini.

Hanyar duk gargada ce. A Tudun Wada muka sha fura, nonon tsararo, mai tallar ta rantse saniyar ce ta cika shan ruwa. Daga nan sai daji da duwatsu. Da la'asar muka shiga Riruwai, gari duk ramuka, ga yarurrukan da ban taɓa ji ba.

Sojan siriri ne, gadi yake yi. Ya kwantar da ni a yashi, ya danne mini ƙirji, ya manna wuyan hannuna da ƙasa, ya zura ɗaya hannunsa ta ƙarƙashin damtsena ya kulle. Ya ɗan ɗaga gwiwar hannuna, na ji kafaɗata za ta fita.

Ya ce, "In mutum ya bugi ƙasa, ka saki. Kada ka manta."

Kwana uku ina gwadawa a jikin Yaya. Ran na huɗu ma'aikata suka taru kallo, kamun ya zauna mini daidai. Na ji tafin Yaya yana dukan yashi. Amma mutane suna ta yi mini tafi, sai na ƙara ɗagawa. Aka ji ƙas, kamar an karya karan dawa.

Sojan ya ture ni gefe. "Ba ka ji shi ba ne?"

"Na ji, Baba."

Bai sake yi mini magana ba.

Wani maɗori ya mayar da kafaɗar, ya ce bana Yaya ba zai riƙe garma ba. A hanyar dawowa, duk ramin da mota ta faɗa sai Yaya ya cije leɓe. Kusa da Burumburum ya ce, "In mun je gida, ka ce daga mota na faɗo."

Muka tarar ruwan shuka ya sauka, kowa na gona. Na faɗi ƙaryar, Inna har da sa mini albarka don na kula da shi. Yanzu sai na gama gonarsa nake shiga tawa. Kamun dai na koyo shi. Na kuma gano ni mutum ne da zai ji ɗan'uwansa yana dukan ƙasa ya ƙi saki, wannan kuwa ban san wanda zan faɗa wa ba.