Shanu a Filin Ƙwallo

Shekara goma sha biyar Baba Idirisu ya yi yana kula da filin wasa na sakandaren gwamnati da ke Tsamiyar Gaji, can tsakanin Dutse da Kafin Hausa. Bafillace ne da ciwon bushiya ya share wa garke, ya shigo gari neman abin yi, aka miƙa masa lauje da igiyar awo. Ko bihim bai sani ba a boko, amma layinsa bai taɓa karkacewa ba. Tokar kicin ɗin makaranta yake tankaɗewa ya ja shi da ita.

A filin nan yaran makarantar suka ci kofin shiyya sau uku a jere, farkon samun Jigawa. A nan Asma'u, mai gudu ba takalmi, ta bar 'yan birni a baya har malaminsu ya rantse agogonsa ne ya lalace.

A 1998 aka rufe makarantar, wai an haɗe ta da wata. Kwanon rufi ya yi ƙafa, tagogi suka bi shi, kofunan suka koma ado a falon wani. Fili kaɗai ya rage. Ba wanda ya ce wa Baba Idirisu ya ci gaba, ba kuma wanda ya ce ya bari, sai ya ci gaba da yankan ciyawarsa, samarin gari na buga ƙwallo bayan la'asar.

Ana nan, shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, sai ga Alhaji Misbahu, shugaban ƙungiyar tsofaffin ɗalibai. Baba Idirisu ya san shi sarai. Lokacin yana ɗalibi, mai tsaron gida ne na zaman benci. Rana ɗaya tak aka gwada shi, aka zura masa ƙwallo bakwai. Yanzu ga tumbi, ga carbi mai dubu, kuma duk inda ya zauna sai ya ce "lokacin da muka ci kofi".

"Baba, na tausaya maka da laujen nan," in ji shi. "Na yi magana da wani Arɗo, shanunsa za su zo su cinye maka ciyawar."

"Da rani, Alhaji? Wace ciyawa?"

"To, su dai ɗan zauna."

"Kwana za su yi?"

"Wata biyu kacal."

Baba Idirisu ya dube shi. Shi da aka haifa a ruga za a gaya wa dalilin kwanan shanu a fili? Ba mai ajiye garke wata biyu a ƙasarsa sai wanda ke son taki, mai son taki kuwa gero zai shuka.

"Yaran fa, a ina za su buga?"

Alhaji ya ja carbi. "Ai Baba zamani ya canza. Ƙwallo da gajeren wando, cinya a waje, yanzu bai dace ba."

"Da kai ma dogon wando ka sa ranar nan, wataƙila da biyu sun maƙale a ciki."

Direban Alhaji ya juya baya yana tari.

Shanu suka zo, suka yi aikinsu. Baba Idirisu ya hau motar Dutse har sau uku, ya kai kokensa ma'aikatar ilimi. Sau uku ana ce masa mai ofishin ya fita taro. Tsofaffin ɗaliban da suka sha ihu a filin, ko ɗaya bai ce uffan ba, don an yi musu alkawarin dami.

Da ruwan shuka ya sauka, masu garmar shanu suka iso da hantsi, suka tarar da tsohon a zaune kan buzunsa a tsakiyar fili, daidai inda ake take ƙwallo. Suka gaishe shi, ya amsa. Suka roƙe shi ya gusa, ya yi kamar da iska suke. Babu mai iya ɗaga sa'an kakansa, sai suka kewaye shi da huɗa. Kullum sai ya dawo ya zauna, har damina ta yi nisa.

Geron Alhaji ya yi kyau a shekarar, ba laifi. Sai dai duk wanda ya hau tudu ya leƙa, zai ga wani fili fetal a tsakiyar gonar, kamar sanƙo.