Dattijon da Ya Tuɓe Takalmi a Banki

A ƙofar wani banki a Kankia, wani dattijo yana tuɓe takalmansa kamar mai shiga zauren surukai. Tafin hannunsa duk kantar garma ce. Ina jin manomin ƙauyen Fakuwa ne. Yana gaida wata ma'aikaciyar bankin har da tambayar mutan gida, ita ko kai ba ta ɗago ba.

Na ce, "Baba, ai wancan bankin sun fi fara'a."

Ya ce, "Na sani, ɗana. Bara wannan yarinyar ta hana ni rance, wai gonata ba za ta ɗauka ba. Na yi fushi na tafi can. Suka ba ni kujera, suka ba ni shayi, suka ba ni rancen ba tambaya."

Ya daɗe yana kallon hannuwansa.

"Shanun huɗata ne suka biya shayin nan."