Ranar Kwasar Inna Kulu

Ɗakin Inna Kulu, kakata ta wajen uba, shi ne na can ƙurya a gidanmu, a wani ɗan ƙauye na ƙasar Tudun Kaya. Idan sanyi ya shigo, an gama cirar gyaɗa, da an idar da sallar isha'i sai ta hura wutar kara a tsakar ɗaki, mu jikokinta mu zagaye ta. Amma fa tatsuniyar Inna ba kyauta ba ce. Kowa sai ta auna masa gyaɗa a ƙoƙo ya ɓare, kuma da hannu ya tsaya, bakinta ma ya tsaya. Ni aka sa wa sunanta, don haka ƙoƙona ya fi na kowa girma. In na turo baki sai ta ce, "Takwara, yi aiki. Kina tsammanin sunan nan a banza na ba ki aro?"

'Yar makiyaya ce daga wajen Falgore, aure ya kawo ta cikin manoma, shi ya sa ko tatsuniya kamar saniya take ɗaukarta. Idan za ta fara sai ta ce, "Na kunto wata." Mu haɗa baki mu ce, "Koro ta nan!" Idan ta gama kuma ta ce, "Na mayar da ita turke." Muddin ba ta faɗi haka ba, ba mai motsi.

Sana'ar Inna adashe ce. Ita ce uwar adashen matan unguwarmu tun kafin a haife ni, kuma ba a taɓa jin wata ta zo ranar kwasarta ta koma tana kuka ba. To da wannan idon take kallon komai, har gwamnati. A wurinta haraji adashe ne, babba dai, na ƙasa gaba ɗaya. Kowa ya zuba, ranar da lalura ta same shi ya kwasa. Tana da shaida kuwa. Takan zame mayafi ta nuna mana tabon lamba a damtsenta ta ce, "Kun ga wannan? Shekarar da agana ta ci rabin rugarmu aka yi mini, ko kwabo ban biya ba." Ta kuma ba mu labarin zamanin da za ka ɗauki kwalbarka ka je wurin malamin asibiti ya cika maka ita da jan magani, ka yi godiya ka tafi.

An ce lokacin da gwamnatin farar hula ta soke haraji da jangali, gari ya ɗauki murna, danginta na ruga har rawa suka yi, ita kaɗai ta ɗaure fuska. Wai cewa ta yi, "Adashen da ba a zubi, me za a kwasa?" Da soja suka zo aka dawo da shi, maza suna ta guna-guni a ƙofar masallaci, ita kuwa ta ce yauwa, yanzu hankalinta ya kwanta. Mutane sun yi mata dariya sosai a kan wannan. Ko a jikinta.

Tana da wani gwangwani mai murfi a ƙarƙashin gadonta. Duk shekara, in Baba ya biya haraji a hannun mai unguwa, kafin ya cire takalmi za ta miƙa hannu: "Kawo." Ta karɓi rasit ɗin, ta shafe shi a cinya, ta ninke, ta sa a ciki. Na marigayi kakanmu ma suna nan a ƙasa, sun yi ja don tsufa. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta san na kowace shekara, wannan na shekarar fari ne, wannan na shekarar da aka haifi wane.

Tatsuniyar da ta fi yi mana ita ce ta rumbun dawa. Wai namun daji ne suka gaji da wahalar bazara, suka gina rumbu guda, suka ce kowa ya riƙa kawo gwargwadon ƙarfinsa. Giwa ta kawo dami, gafiya ta kawo zangarniya, kurciya kuwa ƙwaya ɗaiɗai take ɗaukowa a baki. Suka ba kunkuru tsaron ƙofa, don ba ya sauri, balle ya gudu da kayan mutane. Duk wanda ya zuba, sai kunkuru ya ba shi ƙaiƙayin abin da ya kawo ya ce ya adana. Kura ce kaɗai ta ƙi, tana yi wa kurciya dariya, wai ta cika sheƙarta da shara.

A nan Inna takan sassauta murya. Wata rana iska ta jefo ɗan kurciya daga sheƙa, fiffike ya karye. Uwar ba ta iya fita kiwo, dole ta zauna jinya. Yunwa ta ci su har kwana uku. Sai ta tattara ƙaiƙayinta a ganye, ta je ƙofar rumbu, ta yi sallama. Kunkuru ya leƙo a hankali ya ce, "Me kika zuba?" Ta buɗe ganyen. Ya duba, ya duba, sai ya ture ƙyauren. Hatsi ne har baki. Ya ce ta ɗiba har ɗanta ya tashi sama, kada ta damu da ko ya fi abin da ta kawo. Mu kuwa sai mu yi ta ihu, muna tambayar yadda kura ta ƙare, Inna ta ce, "Tana can tana lasar ƙasa. Na mayar da ita turke."

Ina da shekara goma sha ɗaya kububuwa ta sari Baba. Ya je ɗaga harawa a gona, ta kama shi a idon sawu. Aka kira mai maganin maciji, ya yi tsaga, ya ba da jiƙo. Kwana biyu ƙafa tana ƙara kumbura, jini yana tsattsafowa daga dasashinsa, a goge ya dawo. Ran na uku da safe Inna ta ce ya isa haka, asibitin gwamnati za a kai shi.

Ranar kuwa kasuwa ce. Baffa Sule, ƙanin Baba, ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, ina tsaye ina ji. Ya ce, "Inna, bari in ja ragunan nan biyu in kai kasuwa tukuna. An ce yanzu ba a shiga asibiti hannu rabbana."

Ta ce, "Wa ya ce?"

"Haka mutane suke faɗi, Inna."

"Mutanen da suke ɓuya a rumbu in mai unguwa ya zo? Su dole su biya mana. Mu ba baƙi ba ne a wurin gwamnati, Sule. Shekara nawa gidan nan yana zubi, ba mu taɓa kwasa ba? Yau ce ranarmu. Bar ragunan yara, ɗauko amalanke."

Ta ɗaure gwangwanin a gefen zane, ta ɗauki kuɗin mota kawai. Aka ɗora Baba a amalanke zuwa bakin titi. Da za su wuce ya kalle ni ya ce in kula da ƙannena, kada in bar Audu ya je rafi. Wannan ce maganarsa ta ƙarshe da ni, kuma ko amsar kirki ban ba shi ba, kai kawai na gyaɗa.

Abin da ya faru a can, Baffa ne ya ba ni labari bayan na yi aure. Ya ce malamin asibitin saurayi ne mai ladabi, har ƙasa ya gaida Inna. Ya duba ƙafar, ya rubuta takarda, ya ce allurar maciji babu ita a ma'ajiyarsu, sai an sayo a kyamis a cikin gari. Ko da ma akwai, tsari ya canza, yanzu mara lafiya ne yake sayen magani, da kuɗin ake sake sayo wani. Ya faɗi kuɗin.

Inna ba ta razana ba. Ta kwance gefen zane, ta buɗe gwangwani a kan teburinsa, ta shiga jera takardun ɗaya bayan ɗaya, tana faɗin shekarar kowace. Malamin bai katse ta ba. Da ta gama ya tattara su, ya ninke yadda suke, ya mayar mata a ciki ya rufe. Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, wannan ba ya aiki a nan."

Ta ce, "To a ina yake aiki, ɗan nan? Faɗa mini in je."

Baffa ya ce yaron ya sunkuyar da kai.

Kafin Baffa ya samo mota ya dawo gida don sayar da ragunan, kasuwa ta watse. Washegari ya yi ta yawo da raguna gida gida, daga ƙarshe wani mahauci ya saye su yadda ya ga dama. Ya koma, ya zaga kyamis uku kafin ya samu allurar. Ya shigo asibitin da la'asar da 'yar kwalba a aljihu, ya tarar da Inna zaune a kan dakali, an riga an lulluɓe Baba tun azahar. Ya ce bai san me zai yi da kwalbar ba, sai ya miƙa wa malamin ya ce a yi wa wani. Da ya gaya wa Inna, abin da ta ce kawai shi ne, "To, wani ya kwasa."

Ban yi kuka ba da aka kawo shi. Na yi ta jiran kukan ya zo, bai zo ba. Abin da nake tunawa shi ne ƙoƙon gyaɗata da na bari rabi a ɗakin Inna, ina ta tunanin ko ɓera ya shiga. Ita ma ban ga hawayenta ba. Tana karɓar gaisuwa, tana cewa "Sai haƙuri," kamar ita ce ta zo yi wa mutane ta'aziyya. Ko zubin adashe ba ta ɗaga ba a makon.

Sai da sanyi ya zagayo ta sake hura wutar. Ta auna mana gyaɗa kamar kullum. Audu, da yake ƙarami ne, ya ce ta rumbu yake so. Na harare shi, amma ta riga ta ce, "Na kunto wata." Ta yi ta tiryan-tiryan, ba muryar kura, ba muryar kunkuru, kamar mai lissafa kayan miya. Ta kawo inda kurciya ta buɗe ganye. Ta ce, "Ya duba, ya duba, sai ya ture ƙyauren." Sai ta ɗauki tsinke tana tona toka.

Audu ya ce, "Sai me, Inna? Me ke ciki?"

Ta ce, "Ban leƙa ba. Ku tashi ku kwanta."

Ba wanda ya motsa, don ba ta mayar da ita turke ba. Muka zauna har wutar ta cinye karan, sannan Umma ta zo ta kwashe mu. Bayan wannan ta yi mana wasu tatsuniyoyin da yawa, amma ta rumbu ba ta sake kunto ta ba. Rasit kuwa ba ta daina karɓa ba. Duk shekara Baffa ya biya, ta miƙa hannu, ta shafe a cinya, ta sa a gwangwani. Na taɓa tambayarta amfanin me. Ta dube ni ta ce, "To ina zan sa su, takwara?"

Yau ni ce uwar adashe a layinmu na masu ɗinki a Rogo, gwangwanin ma yana wurina. Masu karɓar haraji suna zuwa rumfata, in biya, in karɓi takarda, in jefa a ciki. Ba na jin haushi, ba na jin daɗi. Nakan ji a rediyo ana cewa za a gyara haraji, za a gyara harkar lafiya, ana son jin ra'ayin talaka. Ra'ayina bai da tsawo. Ni ban ƙi zubi ba, a ƙara ma in an ga dama. Amma a adashena, in ɗan wata ya kwanta, ba na tambayarta ko ranarta ta zo, matso mata da kwasa nake yi, sauran su jira, kuma ba a taɓa samun wadda ta ce a'a ba. Ni da ban yi boko ba na iya wannan. Abin da nake so a gaya mini shi ne tambayar da Inna ta yi wa malamin asibitin nan: takardar, a ina take aiki? Na daɗe ina zargin tsohuwar a zuciyata, cewa taurin kanta ne ya hana a kai raguna kasuwa. Yanzu na daina. Ta riƙe amanar mutane shekara da shekaru, sai ta ɗauka kowa haka yake.

Jikokina sukan taru a ɗakina, su ce in yi musu ta rumbu. Nakan yi. In na zo wurin ƙyaure, ƙaramarsu ta ce, "Me ke ciki, Hajiya?" sai in ce hatsi ne har baki, su yi ihu, in mayar da ita turke yadda Inna take yi a da. Yara ne, ba zan hana su ba. Amma raguna biyun da ke ɗaure a bayan ɗakina, kowa a gidan nan ya san ba na layya ba ne, ba na biki ba ne. Na asibiti ne.