Goggo Dija da Littattafai Masu Rigar Kalanda

Ƙarar salatif idan an ja shi ita ce ke mayar da ni ranar. Muna zaune a ɗakin Goggo Dija a Barade, mata suna ta shigowa gaisuwa, sai wata 'yar uwa ta ɗauki salatif ɗin da ke kan teburinta tana liƙe kwalin kayanta. Ina jin ƙarar na tashi na fita tsakar gida. Bana shekara bakwai ke nan da rasuwarta, Allah ya jiƙanta.

Ƙanwar mahaifina ce, ma'aikaciyar jinya, kuma ita ta fara kai ni shagon littattafai ina aji biyu a sakandare. Shagon yana bayan babbar kasuwa, na wani tsohon malamin firamare ne da muke kira Baba Yohanna. A gaba ya jera littattafan makaranta. Can ciki kuwa, a kwali, ake jibge na gwanjo: labaran matasa da Turanci, masu bangon da aka zana dodanni masu fukafukai da yara riƙe da takubba. Da ya hango ni sai ya ce, "Yarinya ya zo! Dodo naka yana jiranka." Ni kuma in durƙusa gaban kwalin in manta da rana.

Babana ɗan kasuwar hatsi ne, mutumin Lau, ba ya karanta Turanci, kuma bai yarda da rubutun da ba zai iya karantawa ba. Ranar da ya ga bangon littafin farko, sau ɗaya ya yi magana. Duk littafin da ya tabbatar akwai sihiri a ciki wuta za ta ci shi, zuwa shago kuma ya ƙare.

Daga nan Goggo ta ɗauki wata sabuwar ɗabi'a. Littafin da muka saya ba ya kwana a hannuna. Takan tafi da shi, bayan kwanaki ta dawo da shi cikin rigar tsohuwar kalanda, farin a waje, an liƙe da salatif tsaf. Ta ce don kada bangon ya tayar wa Baba hankali ne. Na yarda, har ranar da na fara ganin lanƙwasa a gefen shafukan da ni ban kai ba. Naɗe bango ai ba ya kai mutum tsakiyar littafi.

Wata rana muna cin tuwo, Baba ya ce ba tare da ya dube ni ba, "To, yarinyar nan ta samo jan bijiminta kuwa?" Na ajiye lomar da ke hannuna. Littafin da nake karantawa labarin wata yarinya ne da aka sace mata jan dodonta. Na ɗauka gugar zana ce, yana nuna mini ya san komai, lokaci kawai yake jira. Wa ya faɗa masa? Na fara sa ido. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci, Goggo takan zauna da shi a zaure suna Fulatanci ƙasa-ƙasa, ni kuwa tashin gari ce, Fulatancina bai wuce gaisuwa ba. Da na leƙa sai su yi shiru.

Sai na koma zuwa shago ni kaɗai, ina ɓoye abin da na saya a ƙasan jakar makaranta. Sau ɗaya Goggo ta tambaye ni, "Ɓingel am, 'yata, kin daina karatu ne?" Na ce jarrabawa ce ta matso. Ta dube ni ta daɗe. Ba a jima ba ciwo ya kwantar da ita. Baba bai taɓa ƙona ko ɗaya ba, amma hakan bai kwantar mini da hankali ba, sai ma ya ƙara mini zargi.

Yanzu caja da rigar waya ake sayarwa a shagon, Baba Yohanna ya koma ƙauyensu. Littattafan a waya suke zuwa, ana tura su daga hannu zuwa hannu, ba ƙanshi, ba a san wanda ya taɓa su ba ko abin da aka cire. Nakan ga ƙannena sun sunkuya a kan allon waya, iyaye na wucewa ta gefensu ba su ga bangon komai ba. Ban san me Goggo za ta ce ba. Ina jin za ta juya wayar ta duba bayanta, ta tambaya ina za a sa mata riga, wa kuma ya karanta kafin a miƙa wa yaro.

Abin da ya rage mini nata shi ne jerin fararen littattafai a kan kanta. Idan na ɗaga rigar ɗaya nakan ga watan wata shekara da ta wuce a ciki, da kwanakin aikinta da ta zagaye da biro.

Bara da damina, Baba yana zaune a zaure, ya kira ni ya ce, "Ke da kika yi boko, yarinyar nan ta samo bijimin? Dija ba ta ƙarasa mini ba." Na ce wane bijimi? Ya ce ai sharaɗi ya sa mata tun farko, babu littafin da zai shiga hannuna sai ta ba shi labarinsa kaf. "Duk na makiyaya ne," in ji shi, "yara masu ladabi da tsofaffi masu sanin saiwa. Shi ya sa na bar ki."

Shekara uku ta yi tana ba shi labarin shanu a zauren nan. Littattafan suna nan, na karanta kowanne fiye da sau ɗaya, kuma babu saniya ko ɗaya a cikinsu.