Yatsarki a Tafin Hannun Ƙawa

Daga Allah muka fito, kuma gare Shi za a mayar da mu. Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Yuli, Allah Ya karɓi ran surukata, mahaifiyar maigidana, wadda unguwa ke kira Malama, mu kuma a gida muke kira Inna. Ta rasu a asibiti bayan jinyar shanyewar ɓarin jiki.

Inna, masu zuwa gaisuwa sun yi ta yabon haƙurinki, ni kuwa sai in sunkuyar da kai, don na san ki. Ba ki taɓa jiran mota ta cika ba, gara ki taka da ƙafa. Tela ya san ranar da ya yi miki alkawari, nan za ki zauna masa a shago. Idan na daɗe a kicin sai ki leƙo ki ce, "Ke kike dafa tukunyar nan ko ita ke dafa ki?" Abu ɗaya na ga kina jira ba ki gajiya, shi ne maganar yaro mai in'ina.

A 'yan aji ɗaya kika ƙare aikinki na koyarwa, kika ƙi duk wani ƙarin girma da zai raba ki da allo. Duk yaron da harshensa ke sarƙewa, ajinki ake turo shi. Sai ki karkaɗe alli daga hannunki, ki kama tafin hannunsa, ki riƙa danna masa yatsa a hankali, kowace dannawa ya fitar da gaɓa ɗaya. Doka ɗaya ce a ajin, kuma har hedimasta ta hau kansa: ba a ƙarasa wa yaro magana. Jiya wani ƙaton direban tirela ya zo mana gaisuwa. Sai ya buɗe wa maigidana tafin hannunsa ya nuna tsakiya, ya fashe da kuka.

Kin daɗe da yin ritaya lokacin da abin ya shigo gidanmu. 'Yata ta biyu, wadda kike kira Ƙawa, ta taso da in'ina. Wata rana aka tashe ta karatu a aji, kalma ta maƙale mata, yara suka kwashe da dariya. Tun daga ranar ta rufe bakinta, a makaranta da gida. Ni uwa ce, tausayi ya sa da na ga leɓenta na rawa sai in ce, "Ruwa kike so? Ga shi." Kika kira ni ɗaki kika ce, "'Yar nan, maganarta ce. Idan kina ƙarasa mata, me za ta yi da bakin?" Na ji zafin maganar, amma gaskiya kika faɗa.

Kullum bayan la'asar kina kan tabarma a baranda, hannunta cikin naki. A hankali ta fara magana, amma da ke kaɗai. Muna cikin murnar haka ciwo ya kayar da ke, ya kuma tafi da maganarki. Ke da muryarki ke kai wa bakin titi, kika koma kallonmu da ido, bakinki na motsi ba abin da ke fita. Wallahi ban taɓa ganin abin da ya karya mini zuciya kamar wannan ba.

Ranar da jikin ya tsananta, 'ya'yanki suka kewaye gadon suna maimaita miki kalmar shahada. Babban Yaya na faɗa, Auta na faɗa, kowa na sauri saboda tsoro. Kina ta ƙoƙari, hawaye na gangara miki zuwa kunne. Sai Ƙawa ta ratsa tsakaninsu ta kama hannunki mai lafiya, ta buɗe tafin, ta fara dannawa. Gaɓa ɗaya ta fito, aka daɗe, wata ta biyo. Babban Yaya ya buɗe baki zai taya ki, yarinyar nan ta ɗaga masa hannu, ya yi shiru. Da kanki kika kai ƙarshenta. Ba ki sake cewa komai ba har Allah Ya karɓi abinSa.

Tun da aka fita da ke, Ƙawa ta koma shirunta. Tsoron da nake kwana da shi ke nan, kada a ce muryarta ta bi ki. Ɗazu na same ta a kan tabarmarki, na zauna, na kama hannunta na fara dannawa yadda na ga kina yi. Ta daɗe tana kallon yatsana. Leɓenta ya soma rawa, na cije nawa. Can ta ce, da kyar, "Umma, kina sauri. Kaka takan jira."

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya gafarta miki, Ya haskaka makwancinki. Yadda kika jira 'ya'yan mutane har suka yi magana, Allah Ya sauƙaƙa miki amsa a kabari, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga Babban Yaya, da maigidana, da Auta, da jikoki, da ɗalibanki duk inda suke. Allah Ya ba mu juriyar wannan rashi. Ni kuma ku saka ni a addu'a, Allah Ya koya mini jira, don gobe bayan la'asar ni ce a kan tabarmar.